Jan Layin da Ya Koma Ruwan Ƙasa

Arlit, ranar Laraba da hantsi

Zuwa ga Autana Laminu,

Da sunan Allah nake farawa, shi ne mai tsare matafiyi da wanda aka bari a gida. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ko a cikin mota ka buɗe ta, ko sai ka sauka Yamai. Allah ya raba ka da sharrin hanya, da sharrin ƙarfe, da sharrin mutum.

Kada ka nemi labarin gida a nan. Gobe da safe za ka tafi, babu abin da ya faru a gidan nan da ba ka gani da idonka ba. Kuma ka san halina. In na zaunar da kai zan yi maka nasiha, kafin in kai tsakiya na koma faɗa, kai kuma ka sunkuyar da kai kana "to Inna, to Inna", kunnenka yana wani gari. Shi ya sa na rubuta, takarda ba ta ɗaga murya.

Na gode wa Allah da ka samu aikin nan. Tun da kamfanin haƙar ma'adinai ya shiga sallamar mutane, sa'anninka rabi sun tafi Tchibarakaten haƙar zinariya, rabi suna zaune a rumfar mai shayi suna kallon titi. Kai ga shi za ka zauna a buro, wato ofis, kana shirya taswirori da zane-zanen da ake haskawa a taro. Aikina ne, shi na yi har idona ya gaji. Don haka ina da abin faɗa a kansa, kuma ba mai daɗi ba ne.

Maganar ta shafi Gumar direba, mijin Tanalher maƙwabciyarmu. Tun kana ƙarami kake jin ana cewa taurin kansa ne ya kashe shi, ya kashe mutum biyu tare da shi. Har yau a tasha, in direba ya ƙi jin magana sai a ce masa, "Za ka yi irin ta Gumar." Ƙarya ce, Auta. Gumar bai yi taurin kai ba. Ni na san haka tun makon farko, na kuma zuba ido sunansa ya lalace. Zan bi maka abin daki-daki, don kuskuren ba rana ɗaya ya faro ba.

Ka san na zo garin nan daga Damagaram ina amarya, babanka, Allah ya ji ƙansa, yana aikin ramin ma'adinai. Da ɗan lakwal ɗin da na yi, wato boko, na samu aikin buga takardu a buron wata ƙungiya mai raba hatsi da gyaran rijiyoyi. Ranar da aka kawo odinater, wato kwamfuta, maza suka tsaya suna kallonta kamar za ta cije su, ni kuwa na ja kujera na zauna. Cikin shekara biyu na iya manhajar zane, na iya manhajar nuni, wadda ake jera hotuna a cikinta a haska su a bango da majigi. Duk buron babu mai iyawa sai ni. Kai, na ji kaina! Har tafiyata sai da ta canja.

Kuskurena na farko ƙarami ne, dariya ma aka yi. An ce in zana yadda lambunan gindin dutse suka farfaɗo bayan an gyara rijiyoyi. Na zaɓi tsanwa mai kyau, shar da ita, na kwafo zanen daga manhajar zane na liƙa a ta nuni, na rufe na tafi sallar azahar. Washegari da aka haska gaban baƙi daga Yamai, tsanwar nan ta fito kamar miyar kuka da ta kwana. Wani baƙo ya ce, "Madam, lambun nan naku farfaɗowa ya yi ko mutuwa?" Aka bushe da dariya. Ni kuwa buɗar bakina sai na ce majigin ne ya tsufa.

Akwai wani dattijo mai gyaran injuna da wayoyin kuran, wato lantarki, da ke zuwa mana daga Agadez, Malam Sidi. Bayan taro ya matso ya ce, "Ɗiyata, majigin yana da nasa laifin, amma zo in nuna miki wani abu a cikin aikinki." Na ce masa, "Baba, kai dai gyara mana wayar kuran, zane ka bar wa masu shi." Wallahi haka na ce masa, dattijo da furfurarsa. Ya dube ni, ya naɗe kayansa ya tafi, bai sake tayar da maganar ba.

Abin da ya so ya nuna mini, sai da aka rasa rai uku na koye shi. Kai ga shi a kyauta, ka riƙe. Manhajar zanenmu an saita ta ne don buga takarda, da tawada huɗu take haɗa launi. Manhajar nuni ba ta san tawada ba, haske uku ta sani, ja da tsanwa da shuɗi. In ka kwafo daga waccan ka liƙa a wannan, kirdado za ta yi, ta ba ka abin da ta ga ya yi kusa, ba kuma za ta gaya maka ta canja komai ba. Saboda haka kafin ka ja layi ɗaya, ka tambayi mai aikin, takarda za a buga ko bango za a haska? In bango ne, ka buɗe aikin da tsarin haske tun daga farko. Kada sauri ya sa ka kwafa ka liƙa. Ka fitar da zanen a matsayin hoto, tsarin launinsa yana manne da shi, sannan ka shigar da shi. Kowane launi yana da lambobinsa guda uku. Ka rubuta su a takarda ka manna gefen injinka, in ka shigar da hoton ka duba ko suna nan yadda ka bar su. Ido maƙaryaci ne, abin da ya gaya maka da safe ba shi zai gaya maka da yamma ba. In kuma tsoho ya ce maka zo in nuna maka, ka tashi ka je, ko da takalmin roba ya shigo.

Ni ban tashi ba, na ci gaba da yadda na saba. Sai tawaye ya dawo.

Lokacin ba ka fi shekara bakwai ba, abin da ka sani kawai an hana ku ƙwallo a bayan gari. Mu manya mun ga abin da ba ma fatan sake gani. Hanyar Agadez sai da rakiyar sojoji. Albasa da tumatir suna ruɓewa a lambu, babu mai kai su kasuwa. Ga shi ruwa ya ƙi sauka damina biyu a jere, makiyaya suka taru a bakin rijiyoyi da ragowar awakinsu, ba nono ba hatsi. Sannan aka shiga binne nakiya a hanyoyi. Ba ka ganin komai, yashi ne lumui, sai mota ta taka.

Buronmu ne ke kai hatsi zangunan makiyayan. Shugabanmu, Shef Haruna, mutumin Tahoua, yakan samo labarin hanyoyin da ake zargi ya kawo mini a rubuce, ni kuma in zana a taswira, a tara direbobi a haska musu. Direbobinmu ba sa karanta faransanci, wasunsu Hausar ma a kasuwa suka koye ta. Bayanin da nake rubutawa a gefen taswira ado ne kawai a wurinsu. Doka ɗaya ce, kowa ya haddace ta. Hanya ruwan ƙasa a bi, hanya ja kada a taka ko da uwarka ce ke jira a ƙarshenta.

A makon da nake ba ka labari, hanya uku aka ce in mayar ja. Biyu manya ne, kowa ya san su, sojoji ma sun tare bakinsu. Ta ukun wata siririyar hanya ce da ta ratsa kwari, tana rage wa mai zuwa zangon rijiyar gabas rabin yini. To ga inda son a yaba ya ci ni. Jan da muka saba sawa, ja wur, sai na ga ya yi mini ƙauyanci, kamar zanen 'yan lakwal. An ce za a aika da taswirar Yamai bayan taro, ina so manya su gani su ce wa ya yi wannan. Na zaɓi wani ja mai duhu, irin na zoɓo mai kauri. A manhajar zane ya zauna daram, ya fita daban da ruwan ƙasa. Na siranta layin kwarin don kada ya rufe sunayen rijiyoyi. Na kwafo, na liƙa. Kuran ya ɗauke, kafin ya dawo lokacin tashi ya yi, na adana na kulle buro na taho in dafa muku tuwo.

Auta, ka saurare ni da kyau a nan. Launin da zai hana mutum mutuwa ba ya buƙatar kyau. In ja ne, ya zama jan da ko daga bakin ƙofa za a gan shi. Kada ka haɗa launi biyu masu dangi a taswira ɗaya, ɗaya yana cewa bi, ɗaya yana cewa kada ka bi. Ja mai duhu da ruwan ƙasa 'yan ɗaki ɗaya ne, tafiya kaɗan za su yi daga manhaja zuwa manhaja su haɗe. Kuma kada ka taɓa ɗora ran mutum a kan launi shi kaɗai. Ka kaurara layin, ka gicciye shi da alamomi tun daga farkonsa har ƙarshensa. Ka buga taswirar da baƙar tawada zalla ka duba, in ba a gane hanyar haɗari ba sai da launi, aikinka bai gamu ba. Akwai ma mazan da Allah ya halitta ba sa raba ja da tsanwa, kuma ba za su faɗa ba, don kada a karɓe musu mota.

Taron direbobi da hantsi ake yi, a ɗakin da bangonsa ya daɗe bai ga fenti ba har ya koma rawaya-rawaya. Taga uku, labule ɗaya. Rana ta shigo ta zauna a bangon. Ni ina zaune bayan odinater, idona a kan gilashinta, inda jan yake nan, ya ɗan dushe amma dai ja ne. Bangon kuwa kallon tsoro ɗaya na yi masa, na ga taswira ta fito, na mayar da kaina ƙasa. Shef ya yi jawabinsa, ya nuna manyan hanyoyin biyu da sanda, ya ce, "Kun gan su, jajaye na. Wanda duk ya taka ja, babu ruwanmu." Ta ukun bai ambace ta ba. Ko mantawa ya yi, ko ya ɗauka tunda tana bango kowa ya gani, oho.

Da aka watse, Gumar ya tsaya. Shi aka ba zangon gabas, sauran duk yamma da arewa za su. Ko ka tuna shi? Dogo, ba ya son magana, rawaninsa kullum a kan baki. Ya tsufa yana tuƙi a duwatsun nan bai taɓa kayar da mota ba. Ya matsa jikin bango har inuwarsa ta rufe rabin taswirar, ya gyara tsayuwa, ya sa yatsa a kan siririn layin nan, ya bi shi a hankali tun daga bakin kwari har rijiya. Na gan shi, Auta. Da idona na ga yatsansa. Zuciyata ta ce, tashi ki gaya masa wannan ja ce. Sai ta sake cewa, ai yana gani, haddace ta yake yi don ya kauce mata, kuma ke wace ce da za ki koya wa Gumar hanya? Ya juyo ya ce, "Madam, sannu da aiki, ya yi kyau." Na ji daɗin yabon, tir da ni. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Na kashe majigi.

Kwana biyu bayan haka, da la'asar, labari ya shigo gari. Kamyon ɗin Gumar, babbar motar hatsin, ya taka nakiya a tsakiyar kwarin. Gumar da mutum biyu masu sauke buhu, Isufu da Bubakar, babu wanda ya fita. Makiyayan da ke jiran hatsin su suka ji ƙarar, su suka tattara abin da ya rage suka binne a can. Ko gawa ba a kawo wa iyalansu ba.

Gilashin da ke gabanka naka ne kai kaɗai, jama'a bango suke kallo. Kafin kowane taro, ka je ɗakin da za a yi shi, da majigin da za a kunna, a irin lokacin da za a zauna. Ka haska, ka tashi daga kujerarka, ka je layin baya ka duba, ka zo jikin bango ka duba. Fitilar majigi tana tsufa ta cinye ja, rana tana wanke launi, bango mai datti yana ƙara nasa. In an ce maka babu lokaci, ka ce to babu taro. Su ji haushi, haushi ba ya kisa. In kuma ka ga mutum yana kallon aikinka, zuciyarka ta ɗarsa maka wani abu, ka buɗe baki ka tambaye shi me ya gani. Da na ce wa Gumar, "Wane launi ne wannan a idonka?" da amsarsa kalma biyu ta ishe mu.

Yanzu na zo inda alƙalamin yake mini nauyi.

Aka zo bincike, aka ce in buga taswirar a takarda. Na buɗe manhajar zane na buga daga can, don a nan ainihin aikin yake. Layin ya fito ja, babu gardama. Shef ya ɗaga takardar gaban kowa yana huci, ya ce, "Ku diba! Ja ta ko ba ja ta ba? Mi ya kai shi?" Direbobi suka duba suka ce ja ce. Ranar taro ba su kula da gefen gabas ba, tunda ba hanyarsu ba ce. Aka rubuta cewa direba ya saɓa umarni don ya rage tafiya.

Ni kuwa yatsan nan ya hana ni sakat. Ranar Asabar da hantsi, babu kowa a buro sai mai gadi, na shiga ɗakin taro na kunna majigi daidai lokacin da aka yi wancan zaman. Na je na tsaya inda Gumar ya tsaya. Auta, ruwan ƙasa ne. Manyan biyun, da yake suna da kauri, kana iya cewa ja ne in an riga an gaya maka. Siririn kuwa babu abin da ya raba shi da hanyoyin da aka ce a bi. Na matsa, na ja da baya, na rufe ido ɗaya. Ruwan ƙasa. Bawan Allahn nan ya tsaya ya duba, ya bi doka, dokar ta kai shi kan nakiya. Na zauna a ƙasa dirshan.

Ka san abin da uwarka ta yi da ta tashi? Na koma kan odinater, na buɗe taswirar da ke manhajar nuni, na mayar da layin ja wur, na ƙara masa kauri, na adana a kan tsohon. Ko minti biyu bai ɗauke ni ba. Na kulle ɗakin, na yi wa mai gadi sallama, na biya kasuwa na sayi kayan miya.

Ina da hujjoji, kada ka ce ba ni da su. Babanka ya fara ciwon ƙirjin da ya tafi da shi, ku biyar ne a gabana, kuma lokaci ne da in aka zargi mutum da hannu a maganar nakiya, sai dai a nemi labarinsa. Na ce wa kaina wanda ya mutu ya mutu, maganata ba za ta dawo da shi ba. Duk gaskiya ne, kuma na jera su gaban Allah a sallah ba sau ɗaya ba, ban taɓa tashi daga tabarma na ji sun wanke ni ba.

Don haka, abin da aka haska a taro ka ajiye shi yadda aka haska shi, da sunan ranar a jikinsa. In za ka gyara, ka gyara a sabo, kada ka adana a kan tsoho. In kuma ka gano ka yi kuskure, ka faɗa a ranar, kafin rana ta faɗi. Ranar farko kalma goma ce. In ka kwana a kanta sai ta yi saiwa, ka wayi gari kana kare ta kamar dukiyar gado. Ni cewa na yi sai bayan sadakar bakwai, sannan na ce sai Tanalher ta fita takaba, sannan na ce sai babanku ya warke. Ka ga inda na kawo.

Kai ba ka san abin da Tanalher ta sha ba. Ranar sadakar uku uwar Isufu ta zo ƙofar gidanta, gaban masu gaisuwa, ta ce, "Mijinki ya kashe mini ɗa don ya rage rabin yini. Allah ya isa!" Daga ranar mata da yawa suka ɗauke ƙafa. Dangin Bubakar suka daina amsa mata sallama a famfo. Ita kuwa magana ɗaya take maimaitawa, "Gumar ba ya bin ja." Mutane suka ce zafin mutuwa ne. Ni ce mai kai mata abinci, ni ce mai zama da ita cikin takaba. Ta ɗauke ni 'yar'uwa. Da babanka ya kwanta a gidan likita, a ɗakinta kake kwana, da hannunta ta ciyar da kai. Kowace loma da ta ba ka na san da ita.

Ranar da ka shigo da takardar aikin nan kana murna, na yi guɗa don kada ka gane Gumar ne ya faɗo mini a rai. Na zauna zan rubuta maka dokokin launi. Na rubuta na tawada da haske, na rubuta na lambobi. Da na zo kan "ka faɗi gaskiya" sai hannuna ya tsaya. Haba, da wane baki?

Shekaranjiya Litinin da hantsi na yafa mayafi na shiga gidanta. Na same ta a inuwar zana tana saƙar tabarmar kaba. Ka san Hausarta, kowa "kai" ne a bakinta, mace ko namiji. Ta ce, "Marhaba, shigo ka zauna, yau ba ka kawo komai ba?" Na ce, "Na kawo magana." Na zauna a ƙasa, ban hau tabarmar da ta shimfiɗa mini ba. Na fara tun daga zoɓon da na zaɓa. Tana ji tana saƙa. Na faɗi yatsan, tana saƙa. Sai da na kai ranar Asabar, na faɗi abin da na gani da abin da na yi, sannan ta ajiye kabar.

Ta ce, "Kai ka gani? Da idonka?"

Na ce, "Na gani."

Ta ce, "Ranar da uwar Isufu ya zage ni a ƙofa, ba ka sani ba tukuna. Amma ranar bakwai ya dawo ya sake. Kai kana tsaye kusa da ni, ka riƙe mini hannu."

Na ce, "Na riƙe."

"Kuma ka sani."

"Na sani."

Ba ta yi kuka ba, ni ce nake yi, abin kunya. Na ce, "Tanalher, don girman Allah ki yafe mini."

Ta ce, "Ni na san mijina, ba ni za ka gaya wa ba. Waɗanda ba su sani ba suna tasha. Uwar Isufu yana nan da rai, ya makance amma yana ji. Ka je can ka faɗa da ƙarfi, yadda aka faɗi na farko. In ka gama ka zo mu ga ko akwai sauran magana tsakaninmu."

Ta ɗauki kabarta ta ci gaba da saƙa. Ba ta raka ni ƙofa ba.

To, jibi Jumma'a in an sauko daga masallaci zan je tasha. Na riga na aika wa shugaban direbobi cewa ina da magana a rumfarsu, ya tara mini tsofaffin da suka san Gumar da matasan da suke zagin juna da sunansa. Daga nan zan wuce gidan uwar Isufu, sannan gidan su Bubakar. Shef Haruna ya koma Tahoua da tsufansa, shi ma zan rubuta masa. Ba ni da shaida, da hannuna na goge ta, sai bakina kawai. Wasu za su ce tsufa ya taɓa ni, wasu za su tofa mini yawu, kuma ba zan goge ba sai na gama.

Na jira sai ka tafi tukuna. Ko wannan ma ban sani ba, tausayinka ne ko sauran tsorona. Amma kada ka ɗauka nisa zai kare ka. Mutanen Arlit suna ko'ina a Yamai, maganar za ta iso ka kafin ka gane hanyar buronku. Daga jibi sunan da zai lalace namu ne, kai kuma ba ka yi komai ba, kamar yadda 'ya'yan Gumar ba su yi komai ba. Wannan ne abin da na fi jin zafinsa, na ba ka guzurin da ba ka roƙa ba. In wani ya tare ka ya ce, "Kai ne ɗan matar nan?" ka ce kai ne. Kada ka yi faɗa saboda ni, kada ka ce sharri aka yi mini. Ka ce masa Gumar ruwan ƙasa ya gani, ka wuce abinka.

Allah ya ji ƙan Gumar da Isufu da Bubakar, ya sa hatsin da suka ɗauko wa mayunwata ya zama haske a kabarinsu. Kai kuma Allah ya kai ka lafiya, ya tsare motarku daga nan har Agadez, daga Agadez har Yamai. Allah ya tsare idonka da hannunka, kada ya sa wani ya cutu ta hanyar aikinka. Allah ya haɗa ka da shugaban da ake iya gaya wa gaskiya, ya yi maka albarka duniya da lahira, amin. Ka riƙe salla, ka ci abinci a kan lokaci.

In ka sauka ka kira ni in ji muryarka. In kuma ba ka iya magana da ni ba tukuna, ba zan ga laifinka ba, ka kira yayarka Hadiza ta gaya mini ka isa lafiya.

Innarka,
Rakiya